Kogunanmu da Ɗumamar Duniya: Ambaliyar da Ke Tafe

 

Shugaban wannan taro, iyayenmu sarakuna da hakimai, malamaina, ma'aikatan ruwa da na gona, ɗalibai, iyaye mata da sauran 'yan'uwa baki ɗaya, barkanmu da zuwa. An nemi in yi magana a kan yadda sauyin yanayi zai shafi manyan ambaliyar koguna nan gaba. Zan tsaya a kan kogunan da muke sha, muke noma a gaɓarsu, wato Kwara da Binuwai da Haɗeja da Rima da Ngadda. In kun ji na leƙa wata ƙasa, to don in ɗauko abin da zai haska mana namu ne.

A watan Yuni na 1985, kogin Kwara, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira Isa, ya daina gudana a Yamai. Kogin da ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku, shi ne ya tsaya cak, mutane suna tsallake shi da ƙafa. A watan Satumba na 2020 kuma, a wannan gari dai, ruwan ya kai santimita 700 a sandar awo, alhali 620 ita ce iyakar da hukuma ke ɗauka a matsayin babban haɗari. Tun da aka fara rubuta awon kogin a Yamai a 1929 ba a taɓa ganin irinsa ba. Ruwa ya fasa ganuwar da aka yi masa, ya shiga Lamorde da Saga da sauran unguwannin bakin kogi. Shekara 35 ce tsakani. Yaron da ya yi wasa a yashin tsakiyar kogin a 1985, shi ne magidancin da ya kwashe iyalinsa a kwale-kwale a 2020. Duk abin da zan faɗa yau yana tsakanin waɗannan shekaru biyu.

Bari mu fara daga sama, inda ruwan yake fitowa. Rana tana dafa teku, tururi ya tashi, iskar damina ta kwaso shi daga kudu maso yamma ta kawo mana. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar tururi, kuma masana sun daɗe da auna wannan: duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska kan iya ɗaukar ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 2011 zuwa 2020, zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1. A 2024, shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara awo, ƙarin ya ɗan haura digiri 1.5. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hayaƙin kwal da man fetur da gas, haɗe da ƙonewa da saran dazuzzuka, sun ɗaga iskar kabon da ke sararin sama daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420, ita kuwa tana tare zafi ta hana shi fita. Ke nan hadarin da ke haɗuwa a kanmu yau ya fi na zamanin kakanninmu nauyi, kuma in ya tashi saki, ba ya yin sa da sauƙi.

A yankinmu na Sahel abin ya wuce wannan lissafi. A 2017 wani masani ɗan Ingila, Christopher Taylor, da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature bayan sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35. Sun gano cewa manyan hadura mafiya ƙarfi, irin waɗanda ke tasowa daga gabas da guguwa da tsawa, sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Bayaninsu shi ne Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen kudu da ita, bambancin zafin da ke tsakani yana ƙaruwa, shi kuma yana ƙara wa iskar da ke haɗa hadari ƙarfi. Manomi bai karanta mujallar ba, amma ya riga ya sani. Ku tambayi dattawa a karkara, za su ce muku marka irin ta da, wadda ake kwana ana wuni ana yayyafi ƙasa tana sha a hankali, ta yi ƙaranci. Yanzu sai a yi kwanaki ba ɗigo, shuka ta fara yaushi, sannan a sako ruwan wata guda cikin dare ɗaya.

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya sa wa abin lamba a rahotonsa na 2021. Ruwan sama mai ƙarfi na yini ɗaya, wanda a da ake samun irinsa sau ɗaya a shekara 10, zai riƙa zuwa sau 1.5 in ƙarin zafi ya tsaya a digiri 1.5, sau 1.7 a digiri 2, sau 2.7 a digiri 4. Kuma ba yawan zuwansa kaɗai ba, nauyinsa ma zai ƙaru da kimanin kashi 10, da 14, da 30 cikin 100 bi da bi. Game da jimillar ruwan damina, rahoton ya nuna yammacin Sahel, wajen Senegal, zai iya raguwa, tsakiyar Sahel kuwa, inda muke, ana sa ran ƙari. A kan ƙarfin saukarsa kuma, hasashen Afirka ta Yamma ƙaruwa yake nunawa.

To amma a nan nake so mu yi hattara, domin ruwan sama daban, ambaliyar kogi daban. Ba duk inda ruwan sama ya ƙaru ba ne kogi ke ƙara tumbatsa. A Turai, wani babban bincike na 2019 da ya duba awon koguna na shekara 50 ya samu ambaliya tana ƙaruwa a arewa maso yammacin nahiyar, tana raguwa a kudu da gabas, inda zafi ke busar da ƙasa kuma ƙanƙarar da ke narkewa ta cika koguna ta ragu. Abin da ke tsakanin hadari da kogi shi ne ƙasa. In ta bushe kuma tana da laushi, sai ta shanye ruwan farko, kogi bai ma sani ba. Shi ya sa masana da dama suka kai ga matsaya guda wadda ta fi komai tayar mini da hankali: a wurare da yawa ƙananan ambaliya, irin na kowace shekara, za su iya raguwa, manyan kuwa, waɗanda babu ƙasar da za ta iya shanye ruwansu, su ne za su ƙara girma. Ku duba abin da wannan ke nufi ga mai fadama. Ƙaramar ambaliya ita ce arzikinsa, ita ke kawo laka mai taki, ta cika tafkuna da kifi, ta ɗaga ruwan rijiya, ta bar danshin noman rani. Babbar ita ce mai cin gida da rumbu. Ana iya rage masa mai amfanin, a ƙara masa mai ɓarnar.

Ƙasarmu kuma tana da nata labarin na daban. A shekarun fari, 1972 zuwa 1974 da 1983 zuwa 1985, masu awon ruwa a Burkina Faso da Nijar sun lura da wani abin mamaki. Ruwan sama ya ragu sosai, amma ruwan da ke gudana a ƙananan kogunan Sahel ƙaruwa yake yi. Da aka bincika sai aka ga fari da saran itace da noma ba hutu sun tuɓe ƙasa tsirara. Duk wanda ya yi tafiya a arewa ya san faƙo. Wuri ne da ciyawa ta ƙaurace masa, ɗigon ruwa ya yi ta dukan fuskar ƙasar har ta yi ɓawo, ta koma kamar daɓen tsakar ɗaki. In aka yi ruwa, tsaya ka gani: cikin 'yan mintuna ya fara sheƙi a sama, ya haɗu ya zama zirin ja, zirin ya faɗa kwazazzabo, kwazazzabon ya yi ta zaftare gefensa yana kwasar yashi. Bayan an ɗauke, ka kafta fartanya, ɗan yatsa ɗaya a ƙasa busasshiyar ƙasa ce. Ruwan da ya kamata ya kwana a gona ya kai kogi kafin magariba.

Wannan shi ya sauya halin Kwara a Yamai. A al'ada kogin yana cika sau biyu. Akwai cikar da ke zuwa daga Gini, wadda ke shafe watanni tana ratsa fadamun Masina a Mali, ta iso Yamai wajen Janairu da ruwa mai duhu, ta riga ta ajiye lakarta a hanya. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwasowa daga faƙon Burkina Faso da yammacin Nijar. A da ta Gini ce babba. Yanzu jan ruwa ya sha gabanta, kuma shi ne ya yi ɓarnar 2012 da 2020. Ta Gini tana ba da sanarwar watanni. Jan ruwa kwanaki kaɗan yake bayarwa. Idan aka haɗa ƙasar da ba ta shan ruwa da hadarin da ƙarfinsa ke ƙaruwa, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a san inda aka dosa.

Yanzu ga inda mu kanmu muka shigo. Garuruwanmu sun yi mafi girman faɗaɗarsu ne a daidai shekarun da koguna suka ja da baya. A 1960 mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 50 ba, yau sun haura miliyan 200. Nijar ba ta kai miliyan 4 ba, yau ta haura 25. Fari ya koro mutanen karkara zuwa birni, suka tarar da fili a kwari da tsohuwar hanyar ruwa, babu mai shi, ko kuma mai arha. Mai unguwa ya duba ya ga shekara 15 ruwa bai zo wurin ba, ya yanka fuloti. Kududdufan da ke tara ruwan unguwa aka cike su da shara aka yi gini. Injiniya ya zo yin kwalbati, ya auna shi da ruwan da ya gani a shekarun. Ba na zargin talakan da ya gina inda ƙarfinsa ya kai. Abin da nake cewa shi ne, mun auna kogi a lokacin da yake rashin lafiya, muka ɗauka iyakar ƙarfinsa ke nan.

Akwai wata magana da injiniyoyi ke yi, ambaliyar shekara 100. Mutane kan ɗauka in ta zo bana, an huta sai jikoki. Ba haka ba ne. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo. Wanda ya zauna shekara 30 a inda take kaiwa, yiwuwar ta same shi aƙalla sau ɗaya kashi 26 ne cikin 100. In ɗumama ta mai da ita ta shekara 25, yiwuwar ta tashi zuwa kashi 70 da ɗoriya. Gidan bai motsa ba, mai gidan bai yi laifin komai ba, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta tashi daga wurin zama ta koma wurin kasada. Nijeriya ta ɗanɗana wannan. A 2012 aka ce ba a ga irin ambaliyar ba cikin shekara 40: mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. Shekara 10 kacal, a 2022, ta dawo ta kashe sama da 600, ta yanke hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a layi, man fetur ya yanke a Abuja. Jihar Jigawa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki a wannan shekara. Bayan shekara 2, sai 2024.

Daren 9 ga Satumba wayewar 10, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni sama da 270 suka fice. Namun gidan zu na Sanda Kyarimi, wasu suka mutu, kadoji da macizai suka bi ruwa cikin unguwanni. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, da yawansu waɗanda rikicin Boko Haram ya riga ya raba da garuruwansu ne, wannan gudun hijira na biyu ke nan. An gina Alau a shekarun 1980, ta kuma taɓa yin irin wannan a 1994. A wannan damina dai, a Nijar mutane kusan 400 suka rasu, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A Chadi mamatan sun haura 500.

Madatsa tana da amfani, kada a fahimce ni a karkace. Kainji tun 1968 take ba mu wuta, Tiga tun 1974 take shayar da noman rani a Kano. Sai dai kowace madatsa an gina ta ne bisa lissafin ruwa mafi yawa da ake tsammanin zai zo, lissafin kuma daga awon shekarun baya aka ɗauko shi. Ga yashi da laka da faƙo ke turowa suna cike cikinta shekara bayan shekara, wurin ajiyar yana raguwa. Ranar da ruwan da ya fi lissafi ya zo, mai kula da ita zaɓi biyu gare shi, ko ya buɗe ƙofofi ya saki wa na ƙasa, ko ya riƙe ta fashe. Mutanen Kano ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a 1988 ba. Mutanen Sakkwato ba su manta da 2010 ba, lokacin da ruwan Rima daga wajen madatsar Goronyo ya cinye ƙauyuka ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Libiya, madatsu biyu da aka yi sakaci da gyaransu suka fashe a kan birnin Darna a Satumban 2023, dubban mutane suka halaka cikin dare guda. Tsohuwar madatsar da ba a kula da ita, a zamanin da hadari ke ƙara nauyi, barazana ce a kan duk wanda ke kwana a ƙasanta.

A nan zan ɗan ratse in taɓa maganar Lagdo, domin duk shekara ita ake ɗora wa laifi. Gaskiya ne Kamaru ta kammala wannan madatsa a kan Binuwai, kusa da Garwa, a 1982, kuma in ta saki ruwa mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai suna ji a jikinsu. Gaskiya ne kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa don tare wannan ruwa, har yau ba a gina ta ba. Amma Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a ƙasan Lagdo suke shiga Binuwai, ba ta da iko da ɗigonsu. Ruwa mai yawa da ke isa Makurɗi da Lakwaja a cikin ƙasarmu ya sauka. Ɗora komai a kan maƙwabci yana da daɗin faɗa, amma yana hana mu duba abin da ke hannunmu.

A kwarin Haɗeja kuwa matsalar wata iri ce. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa, ruwa ya koma gudana rani da damina maimakon ya cika ya janye, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗeja zuwa Nguru. In babban ruwa ya zo ya tarar da hanyarsa a cushe, sai ya fasa gefe ya bi gonakin Auyo da Kafin Hausa da Guri. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka ambaliya igiyar ruwa ce mai rugugi. A irin wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, shiru take zuwa. Da yamma ruwa yana bakin gona, da asuba shinkafar da ta fara fitar da kai ta nutse, sai ƙarshen ganye ke leƙowa. A cikin gari kuma ba ya buƙatar ya kai taga. Ya isa ya kwanta a gindin katangar ƙasa kwana biyu. Tubalin ƙasa ya jiƙa ya yi laushi, bango ya fara tsagewa daga ƙasa, azara ta saki, rufin ya zauna a kan na ciki, galibi cikin dare. Da yawa daga mamatan ambaliya a ƙasar Hausa ba nutsewa suka yi ba, gini ne ya faɗa musu. Bayan ruwa ya janye kuma sai masai ya haɗu da rijiya, amai da gudawa ya biyo, sauro ya yi yawa, kuɗin hatsi ya tashi tun kafin kaka.

Ana iya tambaya, shin wannan duk ɗumamar duniya ce, ko dai damina ce mai albarka kamar yadda aka saba samu jefi-jefi? Yanzu akwai hanyar amsawa. Wata ƙungiyar masana mai suna World Weather Attribution tana amfani da kwamfuta ta kwatanta duniyarmu ta yau da irin duniyar da za a samu da ba a ƙona kwal da fetur ba. Game da 2022 sun samu cewa ɗumama ta ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi kimanin sau 80, ta kuma ƙara mata nauyi da kimanin kashi 20 cikin 100. Game da 2024 sun ce ta ƙara wa ruwan yankunan Kwara da Tafkin Chadi ƙarfi da kashi 5 zuwa 20, kuma in ƙarin zafi ya kai digiri 2, abin da zai iya faruwa wajen 2050, irin wannan ruwa zai iya zama na kusan kowace shekara. Ɗaliban da ke zaune a bayan ɗakin nan, a 2050 ku ne magidanta, ku ne hakimai da kwamishinoni.

Akwai zalunci a cikin lamarin, kuma ya kamata a faɗe shi. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya a shekara. Matar da rumbunta ya narke a Kirikasamma ba ta taɓa mallakar ko babur ba. A taron yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar, a 2022, an amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna ga ƙasashe irin namu, kuma wajibi ne gwamnatocinmu su bi wannan haƙƙi da gaske. Amma abin da aka yi alkawarin zubawa a asusun bai kai ko kusa da girman ɓarnar ba, kuma ko yau duniya ta daina ƙona fetur, zafin da ya riga ya taru ba zai sauka a zamaninmu ba. Damina ba za ta jira a gama taro ba.

Na san wani zai ce ruwa na Allah ne, ambaliya ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani. Amma Annabi Yusufu, alaihis salam, da aka sanar da shi shekarun yunwa na tafe, tanadi ya yi tun ana cikin yalwa, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Mu ma an sanar da mu. Kowace shekara kafin damina hukumar NiMet tana fitar da hasashen ruwan sama, hukumar NIHSA tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. A Yamai akwai cibiyar nazarin yanayi ta AGRHYMET da hedikwatar Hukumar Raya Kogin Kwara mai ƙasashe 9. Ruwan babban kogi kuma ba walƙiya ba ne, daga Yola zuwa Lakwaja kwanaki yake yi a hanya. Inda abin ke lalacewa shi ne tsakanin ofis da ƙauye. Sanarwa ta fito da Turanci a otal a Abuja, ta ce jiha kaza tana cikin haɗari. Mai gona a bakin gulbi abin da yake buƙata shi ne a gaya masa da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci ko Nufanci, ta rediyo da bakin liman da mai shela, cewa ruwa zai iso ranar kaza, zai kai wuri kaza, ga tudun da za a je, ga wanda zai tsare masa awaki da hatsi. In ba a amsa masa wannan na ƙarshen ba, ba zai tashi ba, kuma yana da hujja.

Sai aikin ƙasa, wanda a ganina shi ne mafi arha kuma shi aka fi rainawa. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga tsakiyar shekarun 1980, sun koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna yi musu sassabe mai kyau maimakon tumɓukewa, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. A wajen Tawa ana haƙa tassa da ramukan rabin wata a kan faƙo, ruwa ya tsaya ya nutse, gero ya fito inda ko ciyawa ba ta yi. Duk ɗigon da ya nutse a tudu, an rage shi daga abin da zai afka wa na kwari. Holan, ƙasar da ta fi kowa gwanintar gina ganuwar ruwa, bayan ambaliyar 1993 da 1995 ta gane ɗaga ganuwa kaɗai ba zai fisshe ta ba, ta koma ja da ganuwar baya tana sakar wa kogi fili. Mu Allah Ya ba mu irin wannan fili kyauta, a fadamun Haɗeja da Nguru, da na Rima, da na Binuwai, muna cike su da gini.

Don haka ina da roƙo, kuma ga mutanen da ke cikin ɗakin nan nake yin sa. Ranku ya daɗe, iyayenmu hakimai da dagatai, a kowane gari da ruwa ya shiga a 2022 ko 2024, shaidarsa tana nan a jikin bango da gindin itace, kuma akwai masu rai da suka gani. A sa a bi a shafa fenti a daidai inda ya tsaya tun kafin a manta, a ƙara ko da kamu biyu a sama, kada a sake yanka wa kowa fuloti a ƙasan wannan alama, waɗanda ke ciki kuma a nema musu fili a tudu kusa da gonakinsu. Injiniyoyinmu, duk gada da kwalbatin da za ku zana daga yau, ku auna su da ruwan da ke tafe, ku kuma matsa a gyara sandunan awon koguna da suka lalace, a biya masu karanta su. 'Yan majalisa da kwamishinonin da ke nan, ku nemi a kawo muku rahoton lafiyar kowace madatsa da ke jiharku a rubuce, a karanta shi a bainar jama'a, a yi gyaran da yashe kachala a cikin rani, tun ƙasa tana bushe, kafin hadarin farko ya haɗu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin ruwa, Ya jiƙan waɗanda muka rasa.